Cajin motocin lantarki da babban layin wuta: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk inda aka tada zancen motar lantarki, kafin a yi nisa sai wani ya ce "to wutar fa, daga ina za ta fito?" Tambaya ce mai kyau, sai dai yawanci ba a nan gizo ke saƙar ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsa iya yadda abin yake.

Wai idan kowa ya koma motar lantarki, wutar za ta isa kuwa?

In dai jimillar wutar da ake samarwa a shekara ake nufi, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar sabuwa, amma duk da haka lissafin hukumar makamashi ta duniya IEA ya nuna wutar da dukkan motocin lantarki suka sha a shekarar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na wutar da duniya ta yi amfani da ita ba. Kuma ba dare ɗaya ake canza motoci ba ai, mota tana yin shekara goma sha a kan titi kafin a yar da ita, don haka ƙarin lodin a hankali yake zuwa.

Dubi Norway. A 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sabbin motocin da aka saya can masu batir zalla ne, kuma layin wutarsu bai durƙushe ba. Eh suna da madatsun ruwa da ke ba su wuta mai yawa, wannan gaskiya ne, ba kowace ƙasa ke da wannan gatan ba. Amma abinda ke hana injiniyoyin wuta barci ba yawan wutar shekara bane, lokaci ne da wuri. Ƙarfe nawa ake jona motocin, kuma a kan wace taransifoma. Kusan duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke juyawa.

Meye bambancin kilowat da kilowat-awa? Kullum sai na rikice.

Ba kai kaɗai ba, har 'yan jarida suna cakuɗa su. Ɗauki batir a matsayin tankin ruwa, caja kuma famfo. Kilowat-awa shine girman tankin, kilowat kuma ƙarfin zubar famfon. Yawancin motocin yanzu batirinsu yana tsakanin kilowat-awa 40 zuwa 100, kuma mota matsakaiciya tana cin kamar 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Cajar kilowat 7 in ta yi awa 8 tana aiki ta ba da kilowat-awa 56 kenan, sai a cire ɗan abinda ke salwanta ya zama zafi, wajen kashi 10 cikin 100.

Caja iri nawa ne?

Kashi biyu ne manya, ta AC (wutar da ke kai-komo a cikin waya) da ta DC (wadda ke tafiya hanya ɗaya). Wutar da ke zuwa gida AC ce, shi kuma batir DC kawai yake karɓa, dole a juya ta a wani wuri. In ka jona a gida, na'urar da ke cikin motar ce ke juyawa, kuma ƙarama ce saboda nauyi da tsada, shi yasa cajin gida baya wuce kilowat 7 zuwa 11 a yawancin motoci, wasu ƙalilan 22. Soket na bango kuwa a ƙasashen da ke kan volt 230 zai baka kilowat 2 da wani abu, a Amurka mai volt 120 bai ma kai 2 ba.

Su kuma manyan cajojin bakin hanya masu kama da famfon gidan mai, juyawar a cikin akwatinsu ake yi, sai su tura DC kai tsaye cikin batir. Waɗannan suna farawa daga kilowat 50 har 350, yanzu ma an wuce nan.

Me yasa bakin fulogin kowace ƙasa daban? Ba za a haɗa kai ba ne?

An fara haɗawa, amma yanki-yanki. Japan ce ta fara da CHAdeMO a 2010, Nissan Leaf da shi ta fito. Turai ta tsaya kan Type 2 da CCS2. Sin tana da nata, GB/T. A Amurka an daɗe ana ja tsakanin CCS1 da bakin Tesla, har zuwa Nuwamban 2022 da Tesla ta buɗe tsarin nata ga kowa ta sa masa suna NACS. A Mayun 2023 Ford ta ce ta bi, a Yuni GM ta biyo baya, kafin shekara ta zagayo kusan duk manyan kamfanonin sun miƙa wuya. Ba wai don bakin ya fi kyau kaɗai ba, a'a, tashoshin caji mai sauri na Supercharger da Tesla ta fara kafawa tun 2012 sune suka fi yawa kuma suka fi aiki, kowa yana son kwastomansa su samu shiga.

CHAdeMO kam yana ta ja da baya a wajen Japan.

Me yasa caji ke gudu da farko, in ya kai kashi 80 sai ya koma rarrafe?

Kwamfutar motar ce ke rage shi da gangan. Yayin da batir ke cika, tura masa wuta da ƙarfi yana iya sa sinadarin litiyam ya taru a fuskar farantin cikinsa maimakon ya shige ciki, wannan kuma yana rage masa rai, wani lokacin ma ya jawo haɗari. Sanyi mai tsanani shima haka yake sa motar ta rage, shi yasa motoci da yawa suke ɗumama batir tun kafin ka iso tasha in ka saka ta a taswira. Saboda haka ne kamfanoni ke tallan "daga 10 zuwa 80", misali Hyundai Ioniq 5 minti 18 a caja mai ƙarfi. Matafiyi mai wayo yana cirewa a 80 ya kama hanya, zama jiran cikon 20 ɗin nan ɓata lokacinka ne da na wanda ke layi a bayanka.

To ina ainihin matsalar take a layin wuta?

A ƙarshen layi, wajen unguwa. Manyan tashoshin samar da wuta da dogayen turakun da ke ɗaukar ta tsakanin birane suna da sarari fiye da yadda ake zato, musamman da dare. Mai rauni ita ce taransifomar da ke raba wa gidaje da wayoyin da ke fita daga jikinta. Lokacin da aka girka ta an yi lissafi ne cewa ba duk gidaje za su kunna komai lokaci ɗaya ba, wannan ya kunna hita na minti biyar, wancan ya yi guga na rabin awa, a haka lodin ke daidaita kansa. Cajar kilowat 7 kuwa amfiya 32 take ja a volt 230, kuma ba na minti biyar ba, awa uku huɗu a jere ba hutawa, gida ɗaya ya koma kamar gida biyu ko uku, sannan motocin lantarki ba a warwatse suke zuwa ba, in mutum ɗaya ya saya a layi sai maƙwabta su gani su saya, sai ka tarar gida goma a kan taransifoma ɗaya duk sun dawo aiki da yamma sun jona daidai lokacin da ake girki ana kunna fitilu da na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Taransifoma tana ɗaukar zafi da rana da yamma, da dare take hucewa. In aka hana ta wannan hutun, takardar da ke naɗe da wayoyin cikinta tana saurin tsufa, wadda ya kamata ta yi shekara talatin ko arba'in sai ta gaza da wuri. Kuma samun sabuwa yanzu ba wasa bane, tun bayan korona ake fama da ƙarancin taransifoma a duniya, manya daga ciki sai an jira shekaru kafin a kawo.

Holan ta zama abin misali a nan. Ƙasa ce da a ƙarshen 2024 ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan cajojin kan titi, amma layin wutarta ya cushe a yankuna da dama har dubban kamfanoni suna jerin jiran a haɗa musu sabuwar wuta ko a ƙara musu ƙarfi. Ba motoci kaɗai suka jawo ba, akwai sola da injinan ɗumama gida da masana'antu, duk dai kowa ya taso wa layin a lokaci ɗaya.

Wannan "caji mai wayo" da ake ta faɗa, meye shi?

A taƙaice, ka jona mota ka faɗa wa manhaja ƙarfe nawa kake son tafiya da kashi nawa kake so, ita kuma ta zaɓi lokacin da za ta ja wutar. Abinda ya sa hakan ke aiki shine mota ta fi zama a fake fiye da tafiya. Wanda ke yin kilomita 40 a rana kilowat-awa 7 ko 8 ya ƙona, awa ɗaya da 'yan mintuna ya ishe shi a cajar gida, alhali motar tana jone awa goma ko goma sha biyu. Wannan tazarar ita ce dukiyar. Babu wani kayan wuta a gida da ke da sassaucin nan, firij baya jira, fitila bata jira, amma mota ba ruwanta ko ƙarfe 7 na yamma ta sha ko 3 na dare.

Birtaniya ta mayar da shi doka. Daga 30 ga Yunin 2022, duk cajar gida ko ta wurin aiki da za a sayar can dole ta zo a saite ta kauce wa ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki, mai ita yana iya canzawa in ya ga dama. Dokar ta kuma ce kowace caja ta riƙa yin ɗan jinkiri, kowace da nata daban, har zuwa minti goma kafin ta fara. Dalilin jinkirin nan yana burge ni gaskiya: in aka ce wuta tana araha daga sha biyun dare, kowa ya saita agogonsa sha biyu cif, to ka kawar da cunkoson yamma ka ƙirƙiri sabo, dubban ɗaruruwan caja su tashi a daƙiƙa ɗaya. Sai aka warwatsa su.

Jamus ta bi ta wata hanyar. Daga Janairun 2024 kamfanin rarraba wuta ba zai ƙi haɗa maka caja ba da sunan layi ya cika, amma yana da ikon rage ta zuwa kilowat 4.2 in abu ya matse, kai kuma a rage maka kuɗin layi. Ba kashewa ba, ragewa.

Kenan da dare ya fi dacewa a yi caji?

Ya danganta da inda wutar ke fitowa. Inda iska ce ko nukiliya ko madatsar ruwa, dare ya fi, don buƙata ta faɗi wutar na nan. Amma inda sola ta yi yawa lissafin ya juye. A Kalifoniya da tsakar rana wutar sola tana yin yawa har a riƙa kashe wasu gonakin sola don babu mai sha, rana na faɗuwa kuma sai a tada injinan gas a guje. Masu kula da layinsu sun daɗe suna nuna wannan hawa da saukar buƙatar wuta a wani zane da ya yi kama da agwagwa tun 2013. Wani binciken jami'ar Stanford na 2022 ma ya ba da shawarar a karkata ga cajin rana a wuraren aiki maimakon kowa ya jira dare a gida. Kuma da hankali, tunda mota a filin ajiye motoci na ofis take wuni.

A wannan jihar dai, ƙarshen Agustan 2022, kwanaki kaɗan bayan an amince da dokar daina sayar da sabbin motocin fetur zuwa 2035, zafi ya tsananta aka roƙi jama'a su rage amfani da wuta harda cajin mota tsakanin 4 na yamma da 9 na dare. Masu adawa da motocin lantarki suka samu abin dariya. Amma in ka duba da kyau ba cewa aka yi kar a yi caji ba, cewa aka yi a matsa shi da 'yan awanni.

Su kuma manyan tashoshin caji mai sauri, yaya layin ke ɗaukarsu?

Da ƙyar, kuma da tsada. Tasha mai caja 20 kowace kilowat 350 in duk suka tashi tare megawat 7 kenan, wato kilowat 7000, lodin masana'anta sosai, a gefen babbar hanya inda wataƙila a da wutar gidan mai da ɗan shago kawai aka ja. Girka cajojin kansu wata biyu uku ne, jiran a jawo layi mai ƙarfi shine ke cin shekara ɗaya biyu ko fiye.

Sannan ga yadda ake cajin su kuɗin wuta. A ƙasashe da yawa babban kwastoma baya biyan abinda ya sha kawai, yana biyan wani kuɗi daban a kan lodi mafi girma da ya ja a watan, ko da na minti goma sha biyar ne. Sabuwar tasha da ba ta da ciniki sosai, rana ɗaya motoci huɗu su haɗu lokaci guda, shikenan bil ɗin watan ya tashi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa caji mai sauri ya ninka na gida tsada, wani wurin sau biyu wani wurin fiye.

Dabarun da ake bi guda biyu ne. Na farko raba ƙarfi, tasha ta ɗauki megawat ɗaya ko biyu ta riƙa karkasa shi gwargwadon abinda kowace mota ke iya karɓa a lokacin, tunda da wuya duk su nemi ƙololuwa tare. Na biyu a ajiye babban batir a tashar, yana cika a hankali daga ƙaramin layi, mota na zuwa ya juye mata da ƙarfi. Tesla ta kai abin ƙarshe a Lost Hills da ke Kalifoniya, inda ta gina tasha mai wurin caji 168 da ke dogaro da gonar sola da manyan batiranta na Megapack.

Gaskiya ne akwai caja mai cika mota a minti biyar?

Akwai wadda ta kusa. A Maris 2025 kamfanin BYD na Sin ya nuna tsarin kilowat 1000, ya ce yana ba da tafiyar kilomita 400 a minti biyar. An zo nan ne ta hanyar ɗaga volt, yawancin motoci suna kan 400, Porsche Taycan ta fito da 800 a 2019, BYD ta kai 1000. In volt ya hau ana tura ƙarfi mai yawa ba tare da kebur ya yi kaurin da mutum ba zai iya ɗagawa ba, duk da haka sai an bi da ruwan sanyaya ta cikin kebur ɗin.

Ra'ayina, abin burgewa ne kuma zai kwantar wa masu tsoron doguwar tafiya hankali, amma ba shine zai ɗauki nauyin yau da kullum ba. Yawancin caji har yanzu a gida da wurin aiki ake yinsa, a hankali, babu mai ɗaukar hotonsa.

Manyan motocin kaya da bas-bas fa?

Nan ne megawat ke da ma'ana ta gaske. A Turai doka ta ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, to ana son a cikin wannan hutun batir mai ɗaruruwan kilowat-awa ya samu abinda zai kai shi zango na gaba. Don haka aka fito da tsarin cajin manyan motoci na MCS wanda aka tsara shi ya iya kaiwa megawat 3.75, koda yake waɗanda ake girkawa yanzu suna wajen ɗaya da wani abu. Tashar manyan motoci mai irin waɗannan guda goma sai dai a ja mata layi daga babbar tashar rarraba wuta kai tsaye.

Bas sun fi sauƙi, hanyarsu sananniya ce, kuma suna kwana a gareji ɗaya. Birnin Shenzhen ya mayar da dukkan bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki tun ƙarshen 2017.

Me zai hana a riƙa canza batir kawai a wuce?

An gwada, wani wuri ya ci wani wuri ya faɗi. Kamfanin canjin batir na Better Place ya zuba maƙudan kuɗi a Isra'ila da Denmak ya karye a 2013, don kusan mota iri ɗaya tak ke shiga tashoshinsa. NIO, mai ƙera motoci ta Sin, ta buɗe tasharta ta farko a 2018, yanzu tana da sama da 3000, canjin 'yan mintuna ne. A babura kuwa abin ya zauna daram, Gogoro a Taiwan tun 2015 take yi, saboda batirin babur ana ɗaga shi da hannu.

Ta fuskar layin wuta tashar canji tana da daɗin sha'ani, batiran suna kan kanta ana cika su a nutse a lokacin da wuta ke da araha. Cikas ɗin shine sai kamfanoni sun yarda da siffar batir iri ɗaya, su kuwa batir shine sirrin kasuwarsu.

Wai mota tana iya mayar da wuta cikin gida ko cikin layi?

Tana iya, in an ƙera ta don haka kuma cajar mai tafiya biyu ce, wato tana kai wuta tana kuma dawo da ita. Mataki uku ne. Mafi sauƙi soket a jikin motar ka jona firij ko kayan aiki, motoci da yawa suna da shi yanzu. Na biyu ta riƙe gida in an ɗauke wuta, Ford ta ce F-150 Lightning tana iya riƙe gida kwana uku, amma sai an saka makunnin da ke raba gidan da layin waje, in ba haka ba wutar motarka za ta bi waya ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Na uku shine V2G, motar ta sayar wa layi wuta lokacin da ake matse, ta sake cika in ta yi araha.

Tunanin tsoho ne, Willett Kempton na jami'ar Delaware ya rubuta a kai tun 1997, kuma Nissan Leaf ta daɗe da iyawa ta CHAdeMO. Abinda ya riƙe shi ba fasaha bace sosai, takardu ne: waye zai ba mota lasisin zama ƙaramar tashar wuta, wace mita za ta ƙirga, za a caje ka haraji da kuɗin layi sau biyu ne wajen shiga da fita, garantin batir fa. Sai a 2022 ƙa'idar ISO 15118-20 ta fito da yadda mota da caja za su yi magana a kan tafiya biyu ta CCS. Yanzu Renault 5 tana yi a Faransa, kuma birnin Utrecht na Holan ya fara da motocin haya da jama'a ke karɓa-karɓa da niyyar kai su 500. Lissafin yana da daɗi a takarda, mota miliyan ɗaya kowace ta ba da kilowat 7 gigawat 7 kenan, wato megawat 7000, ƙarfin manyan tashoshin wuta da dama. Amma ni ina ganin kafin a kai can, cin moriyar caji mai wayo na hanya ɗaya kawai ya riga ya magance mafi yawan matsalar, kuma baya buƙatar caja mai tsada.

Ba zai kashe batir ba?

Kowane cikawa da juyewa yana ɗan cin batir, ba musu. Sai dai juyewar kilowat 7 abu ne mai laushi in ka kwatanta da abinda batirin ke bayarwa in ka taka totur a babbar hanya. Zafi, da barin batir a cike taf kwana da kwanaki, su suka fi tsufar da shi. Karanta takardar garanti kafin ka shiga irin wannan tsarin, wasu kamfanonin sun sa iyaka.

Wanda bashi da gareji, yana haya a bene, yaya zai yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahala kuma ba a gama warware ta ba. Mai gida da fili yana caji da arahar dare, ɗan haya kuma yana biyan farashin kan titi, wato mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan tsada. Landan ta saka dubban soket a jikin turakun fitilun titi, tunda wayar tana nan a ƙasa kuma fitilun LED sun rage lodin. Holan ta cika gefen titi da cajojin AC. A Sin, inda yawancin mutanen birni a dogayen benaye suke, an fi dogara da cajar jama'a, shi yasa cikin wuraren cajin jama'a sama da miliyan 5 da duniya ke da su a ƙarshen 2024, kusan kashi biyu cikin uku can suke. A gidajen bene kuma ana saka caja da yawa a kan layi ɗaya su riƙa raba ƙarfin tsakaninsu cikin dare.

Me yasa ake yawan kukan an je tasha an tarar caja ta lalace?

Saboda kafawa ana samun tallafi a kai, gyara kuwa babu mai yi masa bikin yanke kyalle. Allo ya mutu, na'urar karɓar kati ta ƙi, intanet ɗin cajar ya yanke, mota da caja sun kasa fahimtar juna, ko ɓarayi sun yanke kebur don tagullar ciki. Gwamnatoci sun fara matsawa. Shirin NEVI na kafa tashoshin caji a Amurka, dala biliyan 5 daga dokar ababen more rayuwa ta 2021, ya sa sharaɗin caja ta kasance tana aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci, koda yake shirin ya yi tafiyar hawainiya, a farkon 2025 ma gwamnatin Trump ta dakatar da kuɗin sai da jihohi suka je kotu. Birtaniya ta sa 99 ga masu sauri. Tarayyar Turai kuma da dokar AFIR da ta fara aiki a Afrilun 2024 ta ce a samu tashar caji mai sauri duk kilomita 60 a manyan hanyoyinta, kuma a iya biya da katin banki ba sai ka sauke manhajar kowane kamfani ba.

Inda wutar kanta ba ta tsayawa fa, ana ɗaukewa ana kawowa?

A nan tsarin yana juyewa, tasha bata jiran layi, tana zuwa da solarta da batirinta, layin ya zama ƙari in ya samu. Lissafi ne zai gaya maka me zai yiwu. Faranti masu ƙarfin kilowat 5 a wuri mai rana sosai suna ba da kamar kilowat-awa 20 zuwa 25 a wuni, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya ga mota ɗaya, amma wannan wutar za ta cika batirin babur kusan goma. Shi yasa a irin waɗannan wurare babura da masu ƙafa uku ke riga motoci komawa lantarki, da tashoshin canjin batir. Caja mai kilowat 150 da sola zalla kuwa sai fili babba da batir mai tsadar gaske, kuma in aka ce janareton dizal ne zai riƙa cike giɓin kullum to ribar hayaƙin da ta kuɗin duk sun ragu sosai.

Caji ba waya, ko titin da ke caji kana tafiya?

Na fakin yana aiki, akwai ƙa'idarsa SAE J2954 tun 2020, faranti a ƙasa faranti a cikin mota. Na titi har yanzu gwaji ne, Suwidin ta gwada layin dogo a cikin kwalta a 2018, Jamus ta gwada wayoyin sama don manyan motoci a 2019, Detroit ta buɗe ɗan guntun titi a 2023. Tsadar kowace kilomita ce matsalar, batir kuma kullum ƙara araha yake yi.

Zan saka caja a gida, me zan duba?

Fara da ƙwararren mai aikin wuta ya duba ƙarfin da ke shigowa gidan da babban fiyus da wayar ƙasa. Caja tana son layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, da na'urar kariya mai gane yoyon DC, ba a jona ta da doguwar wayar ƙari ba, tsohon soket da ke ɗaukar lodi awa takwas a jere yana iya narkewa. Sanar da kamfanin rarraba wuta, a ƙasashe da dama dole ne, kuma ta nan suke sanin wace taransifoma ce ke dab da cika. Zaɓi wadda ke iya rage kanta in sauran kayan gida sun tashi, mai saita lokaci, mai magana da ƙa'idar OCPP, wadda ke barin caja ta yi aiki da manhajar kamfanoni daban-daban, don kar ka maƙale da manhajar kamfani ɗaya in ya rufe. Kuma kar ka biya kuɗin kilowat 22 kafin ka duba abinda motarka ke karɓa, in na'urar cikinta 7 ce ko 11, iya abinda za ta ja kenan komai girman cajar.